Abin da Barin Birnin Gwari Ya Koya Mini Game da Inshorar Lafiya da Haraji

Duk wanda ya tashi a ƙasar Birnin Gwari kafin daji ya gagari mutane ya san cewa ba da takarda muke tarbar ciwo ba. Magidanci yana da rumbun masara da na dawa, yana da awaki a bayan gida, mai hali kuma yana da bijiman huɗa. In rashin lafiya ta kwantar da wani, sai a fitar da buhu biyu, ko a kora akuya kara, a kai majinyaci asibitin Jibril Maigwari da ke cikin gari. In abin ya fi ƙarfin nan, a kama hanyar Kaduna ta Udawa da Buruku. In nauyin ya fi ƙarfin gida ɗaya, dangi su haɗa, liman ya yi sanarwa bayan sallah, maƙwabta su kawo abin da ya sauƙaƙa.

Wannan tsarin ne 'yan bindiga suka rushe, tun kafin su rushe gidaje. Daga harin Dogon Dawa na 2012 zuwa na Gwaska a watan Mayun 2018, har zuwa rufe layukan waya a ƙarshen 2021, shanu sun tafi, gonaki na nesa sun koma daji, manomi ya biya kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya kwashe amfani. Mutanen Kuyello da Randagi da Kakangi da Damari suka watsu: wasu Kaduna, wasu Zariya, wasu Funtuwa, wasu jihar Neja, wasu Abuja, 'yan ƙalilan ƙasashen waje. Ni Kaduna na kwaso iyalina bayan abin da ya faru a Gwaska, Allah kuma ya haɗa ni da aikin akanta a wani kamfani mai sayar da abincin kaji. Tsara albashin ma'aikata yana cikin aikina, don haka kowane ƙarshen wata ina kallon abin da ake cirewa na haraji, na fansho da na lafiya. Wannan kujerar, da jinyar mahaifiyata, da 'yan garinmu da suke zuwa da takardunsu in duba musu, su ne makarantar da na ɗauki waɗannan darussa.

Darasi na farko: wanda ya bar gida ya bar asusun jinyarsa a can

Mai hijira yana lissafin kuɗin haya, da na makarantar yara, da na abinci. Ciwo ba ya shiga lissafinsa, domin a gida bai taɓa ware masa kuɗi ba. Rumbu da garke da dangi su ne suke ɗauke masa. A birni babu ɗaya daga cikin ukun. Dangin da za su haɗa maka su ma suna ɗaki ɗaya a Rigasa ko Mando suna neman na tuwon dare.

Ga shi kuma a Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fitowa kai tsaye. Tiyatar haihuwa guda tana iya cinye jarin mai shago. Na ga wani ɗan garinmu da ya tsira da babur ɗinsa daga ƙauye, yana achaɓa da shi yana ciyar da mutum tara, ya sayar da shi a mako guda saboda an kwantar da matarsa. Matar ta warke, alhamdu lillahi, amma gidan bai sake miƙewa ba sai da aka daɗe. Tun daga nan, duk wanda ya sauka wurina daga gida, bayan an yi masa barka da zuwa an ci abinci, tambayata ta farko ita ce: in yaro ya kwana da zazzaɓi, wane asibiti za ka, kuma da wane kuɗi? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasi na biyu: ƙofofin ba ɗaya ba ne

Mutanenmu sukan ce “inshora” kawai, kamar abu guda ne. A Kaduna akwai ƙofofi huɗu, kowace da mai tsaronta.

Ta farko ita ce ta gwamnatin tarayya. An kafa tsarin NHIS da dokar soja ta 1999, ya fara aiki a 2005, sannan a watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta mayar da shi hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan duk wanda yake zaune a ƙasar. Ma'aikatan tarayya ta nan suke shiga. Wanda ba ma'aikaci ba yana iya shiga ta shirin GIFSHIP, shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko a ƙungiyance, ya biya na shekara.

Ta biyu ita ce ta jiha, wato hukumar KADCHMA da aka kafa da dokar 2018. Ma'aikatan jiha ana cire nasu daga albashi, ɗan kasuwa da mai sana'a kuma su biya na shekara.

Ta uku ta marasa ƙarfi ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, wanda ake biya wa talakawa, masu juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da masu buƙata ta musamman kuɗin magani a asibitocin matakin farko na mazaɓu. Yawancin waɗanda suka gudo daga ƙauyukanmu nan ne haƙƙinsu yake, amma sai sunan mutum ya shiga rajista, kuma ana neman lambar NIN.

Ta huɗu ita ce ta 'yan kasuwa, kamfanonin da ake kira HMO, irin su Hygeia, Avon, Reliance da AXA Mansard. Su ne bankuna da manyan kamfanoni suke saya wa ma'aikatansu, kuma mutum yana iya saya da kansa. Sun fi tsada, suna ba ka zaɓin asibitocin kuɗi, layi ya fi gajarta. Sai dai dokar 2022 ta ɗauke su a matsayin ƙari ne: kana iya sayen nasu, amma hakan bai ɗauke maka shiga tsarin da jiharka ta wajabta ba.

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Wanda bai san ƙofofin nan ba, sai dillalin da ya fara samunsa ya ja shi ta wadda ta fi kawo masa la'ada.

Darasi na uku: kati ba ya ɗaukar gida irin namu gaba ɗaya

An tsara waɗannan takardu ne da wani irin gida a zuciya: miji, mace ɗaya, 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Haka tsarin ma'aikata na tarayya yake, kuma yawancin kamfanoni shi suka kwaikwaya. Gidan mutumin Birnin Gwari da ya yi hijira kuwa akwai uwargida da amarya, da 'ya'ya bakwai, da tsohuwa, da marayun ɗan'uwan da aka kashe a gona. Duk wanda ya haura adadin, sai an biya masa daban.

Lokacin da kamfaninmu ya saya mana inshora daga wani HMO, na je da sunan mahaifiyata, wadda take fama da hawan jini da ciwon sukari. Jami'ar ta duba shekarunta ta ce, “Malam, Mama ba za ta shiga wannan ba. Akwai na tsofaffi daban, kuma ciwon da ta zo da shi sai ta yi wata da watanni a ciki kafin mu fara biya.” Da na gaya wa tsohuwa, sai ta ce, “To, ɗan nan, su masu lafiya suke nema ke nan?” Ba ta yi kuskure ba. Kamfanin kasuwa yana cin riba ne in masu biya sun fi masu kwanciya yawa. A ƙarshe tsarin gwamnati na sa ta, domin shi bai kore ta saboda shekaru ba, ni da maiɗakina da yara muka zauna a na kamfani.

Abubuwa huɗu nake sa kowa ya tambaya kafin ya sa hannu. Su wa katin ya ɗauka, da sunayensu? Kwana nawa za a jira bayan biya kafin ya fara aiki, musamman ga haihuwa da tiyata? Mene ne iyakar kuɗin da za a kashe wa mutum a shekara, kuma waɗanne cututtuka aka cire, kamar wankin ƙoda da cutar daji? Sannan wane asibiti aka rubuta maka, kuma yaya nisansa da inda kake kwana?

Yana da kyau kuma a fahimci yadda kuɗin yake zagayawa. A tsarin gwamnati, asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da aka rubuta masa, ko ya zo ko bai zo ba. In ciwo ya kai na ƙwararren likita ko tiyata, sai an nemi lambar amincewa, wadda ma'aikatan asibiti suke kira kod, sannan a biya bisa aikin da aka yi. Ma'aikaci kuma yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. In farashin magani ya tashi, abin da ake ba asibiti bai tashi ba, ko HMO ta riƙe musu kuɗi, a nan ne za ka ji an ce, “Wannan maganin babu, sai dai ka sayo a waje.” Ya faru da ni a wani asibiti, ana gobe sallah, ga yaro yana amai. Na saya, na riƙe rasit, na rubuta ƙorafi da kwanan wata da sunan maganin. An ɗauki lokaci, amma an mayar mini da kuɗina. Wanda ya yi faɗa da baki a bakin kanta ya tafi, babu abin da zai samu.

Darasi na huɗu: sauƙin haraji gaskiya ne, amma ba shi da girman da ake faɗa

Masu tallar inshora suna son cewa “ai za a cire maka daga haraji.” Mutane sukan fahimci cewa in ka biya naira dubu 60 na lafiya, gwamnati za ta rage maka dubu 60 daga harajinka. Ba haka lissafin yake ba. Ana cire kuɗin ne daga abin da za a ɗora wa haraji, ba daga harajin kansa ba.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsayar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ce naira dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Kafin a yi wannan lissafi, ana cire gudummawar fansho, da ta asusun gidaje na ƙasa, da ta inshorar lafiya ta ƙasa, da kuɗin inshorar rai, da kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gida, iyakarsa naira dubu 500.

Mu ɗauki mai albashin dubu 150 a wata, wato miliyan 1 da dubu 800 a shekara, mu ajiye sauran cire-cire a gefe don sauƙin fahimta. In aka fitar da dubu 800, saura miliyan 1, harajinsa dubu 150. In ya biya dubu 60 na lafiya aka amince da shi, abin da za a ɗora wa haraji ya koma dubu 940, harajin ya zama dubu 141. Sauƙin da ya samu dubu 9 ne. In yana biyan hayar dubu 400, za a cire masa dubu 80, ya sami ragin dubu 12. Ka ga hayar da kusan kowane ɗan hijira yake biya ta fi kawo masa sauƙi, amma sai yana da rasit daga mai gida, kuma sai ya kai shi ofis ya nema a rubuce. Mutanenmu da yawa suna biyan haya hannu da hannu, babu ko guntun takarda.

Mai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 a wata kuwa, in an cire masa fansho abin da yake samu a shekara ya faɗo ƙasa da dubu 800, babu harajin da za a rage masa tun farko. Don haka in dillali ya ce da shi ya sayi inshora don haraji, yaudararsa yake yi. Ya saya don ciwo.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai sayen ta 'yan kasuwa ya kula da shi. Abin da doka ta ambata da suna shi ne gudummawar tsarin inshorar lafiya na ƙasa. Wanda ya je da kansa ya sayi shirin wani HMO, kada ya sa ragin a lissafinsa sai ya sami amsa a rubuce daga hukumar harajin jiharsa, wato KADIRS in a Kaduna yake. Ma'aikaci kuma ya riƙa karɓar takardar albashinsa yana dubawa: an cire kuɗin lafiya kafin a lissafa haraji ne, ko bayan an lissafa? Na sha ganin takardun wasu wuraren aiki da ake cirewa daga baya, ma'aikaci yana asarar haƙƙinsa duk wata bai sani ba.

Darasi na biyar: jihar da ka koma ita ce take da kai

Birnin Gwari tana iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, don haka tafiyar awa ɗaya ko biyu tana fitar da mutum daga jihar Kaduna. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce, harajin albashi na jihar da mutum yake zaune ne a ranar 1 ga Janairu, ba jihar da aka haife shi ba, ba kuma dole inda ofishinsa yake ba. Wanda ya koma Funtuwa na Katsina ne, wanda yake kwana a Suleja yana aiki a Abuja na Neja ne. Wurin aiki yana miƙa bayanan ma'aikatansa kafin ƙarshen Janairu, mutum kuma ya miƙa nasa kafin ƙarshen Maris. In adireshinka bai canza a takarda ba, harajinka yana tafiya wata jiha, ranar da ka nemi takardar shaidar biyan haraji a inda kake zaune sai a ce ba a san ka ba.

Katin lafiya na jiha ma haka yake, a asibitocin da jihar ta amince da su yake aiki. Ko a cikin Kaduna, wanda aka rubuta wa asibitin mazaɓarsa a Tabanni ko Kutemeshi ya dawo Tudun Wada, sai ya je an sauya masa asibiti. A yi wannan tun ana lafiya.

Darasi na shida: a ƙasashen waje, jinkiri kansa kuɗi ne

Ƙanena ya tafi Ingila karatu, daga baya ya sami aiki. Can kafin a ba ka biza sai ka biya kuɗin lafiya na duk shekarun da za ka zauna. An fara shi a 2015 da fam 200 a shekara, daga Fabrairun 2024 ya kai fam 1,035, ɗalibai da yara fam 776. Ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi da suka shiga da bizar wannan aikin an yafe musu. Sayen inshorar 'yan kasuwa ba ya ɗauke wannan kuɗin. Da wurin aikinsa ya saya masa inshora ta musamman, ya kira ni da murna. Bayan wata biyu ya sake kira: “Yaya, albashina ya ragu.” A can ana ɗaukar wannan inshorar a matsayin wani ɓangare na albashi, ana kuma ɗora mata haraji.

A Saudiyya, inda mutanenmu suka fi zuwa, babu harajin albashi, amma ba a bayar da iƙama ko sabunta ta sai da inshorar lafiya, kuma nauyin sayenta a kan mai ba da aiki yake. Tun 2017 kuma ana biyan kuɗi duk wata a kan kowane mutum na iyali da baƙo ya kawo, wanda ya fara da riyal 100 ya kai 400 a 2020.

Ostareliya ta fi kowa ɗaure haraji da inshora wuri guda. Yawancin masu biyan haraji suna ba da kashi 2 cikin 100 don tsarin lafiya na gwamnati da ake kira Medicare. Mai babban albashi da bai sayi inshorar asibiti ta 'yan kasuwa ba ana ƙara masa kashi 1 zuwa 1.5. Wanda kuma ya haura shekara 30 bai saya ba, ana ƙara masa kashi 2 cikin 100 a kan kuɗin inshorar saboda kowace shekara da ya yi jinkiri, har zuwa kashi 70, ya yi shekara 10 yana biyan ƙarin. Sabon baƙo ana ba shi wata 12 daga ranar da ya yi cikakkiyar rajistar Medicare. Ɗan shekara 40 da ya bari wa'adin ya wuce, ƙarin kashi 20 ya hau kansa. Ƙasashen sun bambanta, amma abu ɗaya ya haɗa su da Kaduna: agogo yana fara bugawa ne daga ranar da ka sauka, ko an gaya maka ko ba a gaya maka ba.

Darasi na bakwai: tambayar addini tana da amsa, a neme ta wurin masu ita

Wani kawuna ya ƙi karɓar kati ya ce, “Ni ba na cacar ciwo. Allah ne mai warkarwa.” Ban yi gardama da shi ba, domin damuwarsa tana da tushe, malamai da yawa sun yi magana a kan inshorar kasuwa saboda rashin tabbas da riba da ke cikinta. Amma sun bambanta ta da tsarin taimakekeniya, inda jama'a suke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon wanda ciwo ya kama. A kan wannan tushe aka gina takaful, wanda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suke aiki da shi. Na raka kawu wurin malamin da ya yarda da shi, aka yi masa bayani, ya shiga tsarin jiha. Da ni na tsaya ina kawo masa hujja, da har yanzu muna nan.

Tun watan Nuwamban 2024 da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar kara, motoci sun dawo hanya, wasu sun fara komawa gonakinsu. Muna roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiyar. Amma wanda ya koma, rumbunsa wayam zai tarar, garken kuma sai an yi shekaru kafin ya taru. Tsohon tsarin ba zai dawo a damina ɗaya ba.

Don haka ina kira ga ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, da ƙungiyoyin manoma, da na direbobi, da na 'yan kara, su yi wa mambobinsu rajista a ƙungiyance, domin murya ɗaya ba ta tayar da ofis, ta mutum ɗari kuwa tana tayarwa. Kansilolin mazaɓu 11 da masu unguwanni su tabbatar sunayen zawarawa da marayu sun shiga rajistar marasa ƙarfi. Masu hali da ke Kaduna da Abuja, maimakon jiran a kira su cikin dare a ce an kwantar da wane, su biya wa gida biyu ko uku kuɗin shekara. Kai kuma da ka sauka sabon gari, a gida Najeriya ko a waje, kada watanka na farko ya ƙare ba ka yi abu uku ba: ka sami katin lafiya da ya ɗauki kowa na gidanka da sunansa, ka gyara adireshinka a wurin aiki da ofishin haraji, ka kuma fara ajiye rasit na haya da na asibiti. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.